Rathenau da Abubuwan Tunawa da Aka Rushe

A dandalin da ke gaban majalisar dokokin Ingila a Landan akwai mutum-mutumin tagulla na Benjamin Disraeli, an kafa shi a 1883, shekara biyu bayan rasuwarsa. Bayahude ne ta wajen haihuwa, ya yi firaminista har sau biyu, kuma shi ya saya wa Ingila hannun jari a mashigin Suez a 1875 da rancen fam miliyan 4 daga gidan Rothschild. Sai dai mahaifinsa ya sa an yi masa baftisma yana ɗan shekara 12. Ba don haka ba, da bai shiga majalisa a 1837 ba, domin sai a 1858 aka yarda Bayahude ya zauna a cikinta ba tare da rantsuwar Kirista ba.

Walther Rathenau na Jamus, wanda shi ma Bayahude ne, ya ƙi sauya addini, ko da yake hakan ya toshe masa hanyoyi da dama. Ɗa ne ga Emil Rathenau, wanda ya kafa kamfanin lantarki na AEG. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, shi ya tsara ofishin da ke tattara kayan masana'antu don kada ƙasar ta durƙushe. A farkon 1922 ya zama ministan harkokin waje, a watan Afrilu kuma ya sa hannu kan yarjejeniyar Rapallo da Rasha ta 'yan gurguzu. Masu tsattsauran kishin ƙasa ba su taɓa yafe masa ba: Bayahude ne, ga shi yana magana da yawun Jamus.

Ranar 24 ga Yunin 1922 da hantsi, ya fito daga gidansa a unguwar Grunewald ta Balin cikin mota mai buɗaɗɗen sama, zai tafi ofis. A wata kwana ta titin Koenigsallee wata mota ta sha gabansa, aka buɗe masa wuta, aka kuma jefa masa gurneti. Wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa ta shiga motar ta rungume shi, amma kafin wani taimako rai ya yi halinsa. Dubun dubatar ma'aikata suka cika tituna don nuna fushinsu.

Abin da ya biyo baya shi ya fi taɓa ni. A 1930 birnin Balin ya kafa maɓuɓɓugar ruwa ta tagulla a lambun Rehberge, aikin mai sassaƙa Georg Kolbe, don tunawa da uban da ɗan. 'Yan Nazi na hawa mulki suka canza sunayen titunan da ke ɗauke da sunan Walther Rathenau, a 1933 suka karrama makasansa biyu, Erwin Kern da Hermann Fischer, a Saaleck inda suka mutu. A 1934 aka ɗebe maɓuɓɓugar, daga baya aka narkar da tagullarta. Gwamnati ce da kanta ta zaɓi ta ɗaukaka masu kisa, ta shafe sunan wanda ya yi mata hidima, kuma a ganina wannan ya fi harbin muni.

Bayan yaƙi, a 1946, aka dasa dutsen tunawa a gefen titin da aka harbe shi. Maɓuɓɓugar Kolbe kuwa sai a 1987 aka sake ƙera ta, aka mayar da ita mazauninta na da.