Yadda Ake Rarrabe Tsirran da Suka Yi Kama da Juna: Misalin Lafsur ɗin Dutse



Batun da zan yi magana a kansa yau shi ne wata ƙaramar ciyawa da ke fitowa a tsagar duwatsu a ƙasashen sanyi, musamman Turai da Amurka ta Arewa, har kuma a kan tsaunukan Habasha da Kenya. 'Yar'uwar kabeji ce, kuma danginsu ɗaya da lafsur wanda masu magani suka sani. Don haka zan kira ta lafsur ɗin dutse. Na zaɓe ta ne saboda da wuya a sami tsiron da ya wahalar da masana kamarta, kuma a cikin wahalar akwai darasi ga duk wanda aikinsa ya shafi gandun daji ko gona.

Dukan dangin kabeji furensu ganye 4 gare shi, sun gitta juna, da zaren namiji 6, guda 4 dogaye, 2 gajeru. Wannan ya ishi mutum ya gane dangin, amma ba zai raba masa 'yan gida ɗaya ba. Furen lafsur ɗin dutse ƙanana ne, fari ko shunayya, kusan iri ɗaya ko'ina. Wanda ya dogara ga fure kawai ya ɓata.

A shekarar 1753 Carl Linnaeus na ƙasar Siwidin ya tattara waɗannan tsirrai a ƙarƙashin suna ɗaya, watau Arabis. Sunan ya zama kamar rumbu, duk abin da ya yi kama sai a zuba a ciki. A 1842 aka fitar da ɗaya daga ciki aka ba shi suna Arabidopsis thaliana, wanda daga baya, a shekarar 2000, ya zama tsiro na farko da aka karance ƙwayoyin gadonsa. Sauran kuwa suka daɗe a rumbun.

To, da me ake rarrabe su? Abu na farko shi ne kwanson 'ya'ya, wanda siriri ne dogo kamar tsinke. Ana duban inda ya fuskanta bayan ya nuna. Alal misali, a yammacin Amurka akwai irin da ake kira stricta, kwansonsa a miƙe yake sama, manne da kara. Akwai kuma retrofracta, nasa ya karyo ƙasa yana kallon saiwa. Shi ya sa masu tara tsirrai ba sa murna da reshen da aka kawo musu da fure kaɗai, sai da nunannen kwanso.

Abu na biyu shi ne gashin ganye, wanda ido ba ya gani sosai sai da madubi mai ƙara girma. Wani gashin tilo ne, wani ya rabu biyu yana kwance a kan ganyen, wani kuwa ya yi rassa kamar itace. A stricta gashin mai kai biyu ne, a retrofracta kuwa mai rassa da yawa ne, cunkus. Ganyen gindi ake dubawa, domin na sama sau da yawa ba shi da gashi. Saboda haka wanda ya tsinko kan tsiro ya bar gindinsa, ya bar rabin shaidarsa a daji.

Abu na uku yana cikin ƙwayar halitta, watau adadin kuromosom, zaren da ke ɗauke da gado. Aka lura cewa Arabis na Turai lissafinsu a kan 8 yake tafiya, mafi yawan na Amurka kuwa a kan 7. Bisa wannan hujja, a 1976, Áskell Löve da Doris Löve suka ware wasu daga na Amurka suka kira su Boechera, don girmama Tyge Böcher na ƙasar Denmak. Masana da yawa ba su yarda ba a lokacin, sai da binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa lalle zuriya biyu ce dabam, kamannin nasu kuwa zama a irin wuri ɗaya ne ya kawo shi. A 2003 Ihsan Al-Shehbaz ya mayar da mafi yawan na Amurka cikin Boechera, kuma littafin tsirran Amurka ta Arewa na 2010 ya ƙidaya iri fiye da 100.

Daɗa ga inda abin ya fi rikicewa. Shi Böcher ɗin, a 1951, ya bayyana cewa waɗansu tsirran da ya nazarta daga Girinlan suna yin iri ba tare da barbara ba, 'ya'yan su fito kwabo da kwabo da uwar. Ku duba abin da wannan ke haifarwa. Iri biyu sukan haɗu su haifi ruwa-biyu. A al'ada ruwa-biyu ba ya yaɗuwa, kamar alfadari. A nan kuwa yana maimaita kansa, ya cika gangaren dutse, har mai kallo ya ɗauka asalin iri ne. Stricta da retrofracta in sun haɗu, kwanson ɗansu ba ya miƙe ba ya karyo, sai ya baje a tsakani. Waɗansu irin waɗannan suna da kuromosom 21 maimakon 14. Garin furensu ma yakan tona asirinsu, domin na asalin iri mai ɗan tsawo ne, nasu kuwa ya fi kusa da mulmulalle.

Wani zai ce, mene ne amfanin wannan wahala a kan ciyawa? Ga amsa. A tsaunukan jihohin Bajiniya da Bajiniya ta Yamma akwai irin da ake kira serotina, ma'anarsa mai makara. An daɗe ana haɗa shi da wani ɗan'uwansa, laevigata, wanda ya yaɗu a gabashin Amurka. Babban bambancinsu lokacin fure ne: ɗan'uwan yana fure da fitar sanyi, shi kuwa sai tsakiyar zafi, daga wajen watan Yuli. Da aka tabbatar iri ne mai zaman kansa, sai aka ga ashe wurarensa kaɗan ne, kuma a 1989 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da doka ke karewa. Da an ci gaba da kiransa da sunan ɗan'uwansa, da yana iya ƙarewa ba wanda ya sani, domin doka da suna take aiki.

Saboda haka, ɗalibai, in kun fita tara tsirrai, ku ɗauko tsiro da gindinsa da nunannun 'ya'yansa, ku rubuta wurin da ranar da kuka same shi. Ku kuma ma'aikata, in takarda ta zo gabanku da sunan tsiro, ku tambayi wanda ya tantance shi da hujjar da ya bi, kafin ku sa hannu.