"Inna, ashe ƙarya aka koya mana a makaranta?"

Ina tankaɗen garin tuwo ɗana mai shekara 12 ya miƙo mini waya. Bidiyon wani Bature ne, yana ta rantse-rantse wai duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, rana kuma ba faɗuwa take yi ba, nisa kawai take yi har ta ɓace. Na kusa ce masa ya ba ni wuri. Sai na tuna irin waɗannan bidiyoyin ne ke sa uwa ta hana ɗanta allurar rigakafi, daga baya a kawo mana shi asibiti da ƙyanda.

Gab da magariba na ja shi bayan gari nan Kagara, inda babu abin da ya tare yamma. Mun jira sai da rana ta yi ja, ƙarfinta ya ragu. Na ce masa duk abin da ke yin nisa ƙanƙancewa yake yi, kamar mota a hanyar Goronyo. Ita kuwa rana faɗinta bai ragu ba, daga gindi ta riƙa nutsewa har ta ƙare.

"To me ya sa ta baje kamar waina?"

Da muka koma gida na tsoma cokali a kofin gilashi mai ruwa, ya ga kamar ya karye. Haka iska ke lanƙwasa haske. Iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama kauri, shi ya sa take ɗaga mana hoton rana da kusan tsayin ƙwallonta guda, kuma ta fi ɗaga gindin fiye da saman, sai ta yi kamar an danne ta. Wato idan kika ga rana ta taɓa ƙasa, ta riga ta sauka, iska ce ta ƙara miki kimanin minti biyu. Kada wannan ya rikita ki da azumi: malamai sun ce ɓacewar rana ga ido ake bi wajen buɗe baki.

Washegari muka kira ƙanwata a Maiduguri. Ana kiran sallar magariba a bayanta, mu ko rana na nan tsaye, saura kusan rabin awa. Ya yi shiru, sannan ya karɓi wayar ya tambaye ta ko taurari sun fara fitowa.