Haruffa masu ƙugiya da ƙidayar cibiyar na'ura

A wannan ƴar muƙala za mu duba wata matsala da ke jiran mai binciken harshe in ya dawo daga Galma Kudawace, ko Buza, ko Keita, da jerin kalmomin Adaranci, ya zuba su a kwamfuta ya ce ta ƙirga ko ta jera. Sau da yawa sai ya tarar da Ɗahiru a bayan Zakari, kalmar ƙasa kuma an ce haruffanta biyar. Na'urar ba ta yi kuskure ba. Abin da take ƙirgawa ne dabam da namu.

A cikin kowane tsarin aiki akwai ɓangaren da ke riƙe da ragamar na'ura, wanda za mu kira cibiya (noyau). Za mu ɗauki misalin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, don shi ne ke cikin wayoyin Android da ake saye a kasuwar Madawa. Cibiya na da wasu ƙananan ayyuka (fonctions) na sarrafa jerin haruffa: strlen na auna tsawo, strcmp na gwama jeri biyu. A wurinsu babu baƙi babu wasali, sai oktet (octet), watau lamba daga 0 zuwa 255. Jeri kuwa yana ƙarewa ne inda aka ci karo da sifiri.

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba oktet ɗaya bayan ɗaya, kuma haka aka rubuta su a fayil ɗin lib/string.c, wanda ke aiki a kowace irin na'ura. Amma da yake ana kiran waɗannan ayyuka ba iyaka, sai aka bar wa kowane jinsin ƙwaƙwalwar na'ura (processeur) damar kawo nasa salon. Ƙwaƙwalwa mai bit 64 tana ɗaukar oktet 8 a lokaci guda, saboda haka maimakon tambaya takwas sai a yi ɗaya: shin akwai sifiri a cikin takwas ɗin nan? Jinsin RISC-V na da umarni na musamman don wannan, orc.b, a cikin ƙarin da ake kira Zbb: duk oktet da ba sifiri ba yana mai da shi 255, sifiri kuma ya bar shi yadda yake. Linux 6.3, a 2023, ya shigar da strlen da strcmp da strncmp masu amfani da shi. Tun da ba kowace ƙwaƙwalwar RISC-V ke da Zbb ba, a lokacin kunna na'ura cibiya na dubawa, in akwai ta sauya hanyar da za a bi, in babu ta zauna kan tsohuwar.

To ina ruwan Hausa da wannan? Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana rubuta haruffan ASCII da oktet ɗaya, amma ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da oktet biyu-biyu:

(1) ƙ = C6 99; ƴ = C6 B4; ɓ = C9 93; ɗ = C9 97

Hikimar tsarin ita ce sifiri ba ya fitowa a tsakiyar harafi, don haka duk dabarun saurin nan suna aiki da rubutunmu ba tare da an taɓa su ba. Sai dai sakamakonsu na oktet ne. Ƙasa oktet biyar ce. Da yake z lambarsa 7A, ƙasa da C6, duk shirin da ya jera kalmomi bisa oktet zai ba da z, ƙ, ƴ, ɓ, ɗ, jerin da babu malamin firamare da zai karɓa. Kuma inda aka iyakance tsawo, kamar sunan fayil da ba ya wuce oktet 255, yankewa na iya faɗawa tsakanin C6 da 99, a bar rabin harafi.

Abin ya fi tsanani gare mu masu sa alamar karin sauti. Ana iya rubuta à da alama ɗaya mai oktet biyu, ko a tare da alamar kari a dabam, oktet uku. Ido na ganin abu ɗaya, strcmp na ganin biyu. Haka ma ƴ na ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 da 'y na Nijeriya, balle ita alamar ' da ke da lambobi fiye da ɗaya.

A ra'ayinmu ba daidai ba ne a nemi strcmp ya koyi Hausa. Saurinsa ya dogara ne ga rashin sanin harshe. Jerin abajada aikin wani mataki ne a sama, inda strcoll ke bin tsarin harshe, kuma glibc na da irin wannan tsari mai suna ha_NG. Cibiya kanta, da ta buƙaci sanin haruffa, hanya dabam aka buɗe mata: tun Linux 5.2, a 2019, tsarin fayil na ext4 na iya daidaita Ƙ da ƙ, da à ɗin nan iri biyu, amma sai an kunna wannan a kan jakar fayil ɗin tun tana wofi. Mai tattara kalmomi a Galma ba zai dogara ga wannan ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya zaɓi siga ɗaya ta kowane harafi kafin ya fara bugawa, ya kuma tabbata shirin da zai jera masa ƙamus yana bin tsarin Hausa.