Lambar shasi: sunan yanka na tsohuwar mota

Matamaye tana bisa hanyar da ta taso daga Takeita zuwa Ɗan Barto, bakin iyakar Nijar da Najeriya, ta zarce Daura da Kano. Saboda haka motoci da yawa na wannan yanki sun sha canza hannu tsakanin ƙasashen biyu. Waɗansunsu sun haura shekara arba'in suna ɗaukar rake da gero da fasinja. Ranar da mai irin wannan mota ya tashi neman takardarta, wato kartigiris, abin da hukuma take fara dubawa shi ne lambar shasi.

Lambar da ake ɗaurawa gaba da baya takan canza. Inji ma akan sauke shi a ɗora wani, fenti kuwa ba shaida ba ne. Lambar shasi ita ce kamfani ya buga a jikin ƙarfen motar tun ranar ƙira, ita ce kuma ake rubutawa cikin takardar duwan da ta inshora da kartigiris. In harafi ɗaya ya saɓa tsakanin ƙarfe da takarda, jandarma yana da hujjar tsare motar.

Motocin da aka ƙera kafin 1981

A wancan zamani kowane kamfani da tsarinsa. Toyota Land Cruiser takan fara da haruffa kamar FJ40, BJ40 ko HJ45. Harafin F yana nufin injin esansi, B da H injin gazuwal ne, J kuwa alamar gidan Land Cruiser ce. Lamba 40 gajerar mota ce, 45 doguwa. Ana samun lambar a ƙarfen shasi, wajen ƙafar gaba ta dama.

Volkswagen mai ƙusumbi tata lambar tana ƙarƙashin kujerar baya. Tun daga ƙirar 1965, lamba ta uku ita ke faɗin shekara: wadda ta fara da 116 ƙirar 1966 ce.

Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, da 504 da ta biyo baya a 1968, suna da ɗan allon ƙarfe cikin ɗakin inji, ga kuma lamba da aka buga a jikin motar kanta. Dole biyun su zama ɗaya. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, saboda haka 504 da ke yawo a jihar Damagaram tana iya zama 'yar Faransa ko 'yar Kaduna.

Tsarin haruffa 17

Daga 1981 Amurka ta wajabta tsari guda mai haruffa da lambobi 17, manyan kamfanonin duniya suka bi. Uku na farko suna nuna ƙasa da kamfani: VF3 Peugeot ce ta Faransa, VF1 Renault, SAL Land Rover ta Ingila, WDB Mercedes ta Jamus, abin da ya fara da JT kuwa Toyota ce ta Japan. Shida na tsakiya suna bayyana irin motar, takwas na ƙarshe su ke rarrabe ta da 'yan uwanta.

A motocin da aka yi domin kasuwar Amurka, harafi na goma shi ne shekara: B 1981, Y 2000, daga nan 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009. Motocin Turai ba duka suke bin wannan ba. Abu guda da bai canzawa: ba a sa haruffan I, O da Q, don kada a ruɗa su da 1 da 0. Wanda ya ga ɗayansu cikin lamba mai 17, to ko dai magatakarda ya yi kuskure, ko an yi algus.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye ya wanke wurin da kananzir, ya goge tsatsa da buroshi a hankali, kada ya kankare da ƙarfe. Ya ɗora farar takarda bisa lambar ya shafa fensir har haruffan su fito, sa'an nan ya gwada su ɗaya-ɗaya da takardun mai sayarwa. Sabon walda kewaye da lambar, haruffan da ba su daidaita ba, da allon da aka sake wa ƙusa, duk alamun hattara ne. Hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, tana da kundin motocin sata, da lambar shasi kuma ake nemansu. Motar da aka samu a ciki akan karɓe ta, ko da mai ita ya saya da zuciya ɗaya.

In tsatsa ta cinye lambar, kada a kai wa makanike ya sake bugawa, domin yin haka laifi ne. A kai maganar ga ma'aikatar sufuri ta jiha a Damagaram, tare da duk tsofaffin takardun motar. Ma'aikacin da ke cika takarda shi ma ya karanta lambar daga jikin ƙarfen da idonsa, domin harafi guda da ya kuskure yana iya jawo wa talaka asarar jarin da ya tara shekara da shekaru.