Mai zanen kwamfuta: abin da ya kamata a sani kafin a ba shi aiki

Katin gayyatar ɗaurin aure, allon shago, takardar da ake mannawa a ledar kilishi ko robar man gyaɗa, duk sukan bi ta hannun mutum guda: mai zanen kwamfuta, wanda ake kira «infographiste» da Faransanci. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ƴan kasuwa na ƙara neman sa, amma sau da yawa ana rabuwa da ɓacin rai, bayan an buga ɗaruruwan takardu ɗauke da kuskure.

Aikinsa shi ne tsara rubutu, hoto da kala yadda mai wucewa zai gane saƙo da kallo ɗaya. Yana aiki da manhajoji irin su Photoshop, Illustrator, CorelDRAW ko Canva. Bugawa kuwa aikin maɗaba'a ne, ko da shago ɗaya ke yin duka biyun.

Abin da mai kaya zai kawo

Kafin a fara, mai kaya ya faɗi wanda ake son saƙon ya kai gare shi, inda za a kafa shi, da girmansa. Takardar A4 ta santimita 21 a kan 29,7 da allon bakin hanya ba tsari ɗaya ba ne. Ya kawo rubutun a rubuce, ba da baki ba. Hotuna kuma a tura su a matsayin fayil, domin WhatsApp na rage ingancin hoton da aka aika kai tsaye, sai ya fito dishi-dishi a takarda.

A kuma yi magana a kan kuɗi tun farko: nawa ne aikin, nawa za a ba da kafin alƙalami, sau nawa za a yi gyara ba tare da ƙari ba.

Tarkon haruffa da kala

Yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan ba a lura ba, «maraba da baƙi» sai ya koma «maraba da baki». Kala ma takan canza: allon waya na haɗa ta da hasken ja, kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu. Shi ya sa ake buƙatar ganin samfuri a takarda. Da zarar mai kaya ya sa hannu a kan samfurin ƙarshe, wato «bon à tirer», duk kuskuren suna ko lambar waya da ya rage ya zama nasa.

Tambari na wa ne?

Wanda ya biya aka zana masa tambari ya nemi ainihin fayil ɗin, wanda ake iya ƙara masa girma ba tare da ya lalace ba, tare da rubutacciyar yarjejeniya cewa tambarin ya zama mallakarsa. Idan yana son kariyar doka, sai ya yi masa rajista a hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda ta ƙunshi ƙasashe 17, har da Nijar. Rajistar na aiki shekara 10, kuma ana sabunta ta.