Tafiya a ƙasar Tailan: ruwan gona daga daji yake fitowa

Duk wanda ya shiga kasuwar Maradi ko ta Damagaram zai ga buhunan shinkafa da aka kawo daga nesa. Wasunsu daga Tailan suke. Tailan ƙasa ce a nahiyar Asiya, can gabas da Indiya. Faɗinta bai kai rabin na Nijar ba, amma mutanenta sun fi miliyan 65. Suna noma shinkafa su ci su ƙoshi, har su sayar ma wasu ƙasashe.

Daminarsu tana kamawa a watan Mayu, ta ƙare a Oktoba. Daga nan sai ɗari, sai bazara mai zafi. A tsakiyar ƙasar da arewacinta ana yin watanni babu ruwan sama na kirki. Duk da haka manoma da yawa suna noma shinkafa sau 2 a shekara. To, ina suke samun ruwan rani? Amsar tana kan hanya. Wanda ya shiga mota ya bi ƙauyuka sannu a hankali zai gani da idonsa.

Daga Bankok zuwa Cainat

Tafiyar tana farawa daga Bankok, babban birnin ƙasar. Lokacin ɗari ya fi daɗin tafiya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A can motoci hannun hagu suke bi. Da an fita gari an yi arewa, sai fadama iya ganin ido. Babu dutse, babu tudu. Shinkafa ce dama da hagu, ga magudanun ruwa suna ratsa gonaki. A bakin hanya mata suna sayar da ayaba, da kwakwa, da gasasshiyar kaza.

Bayan kilomita wajen 190 sai garin Cainat. Nan aka tare babban kogin ƙasar, mai suna Cawo Praya. An gama barajin a 1957. Ba tafki aka yi don ajiya ba. Ƙofofi ne na ƙarfe. In an rufe su sai ruwa ya tashi, ya shiga magudanu, ya bi gona-gona. Amma da rani kogin kansa yana raguwa. Sai an sako masa ruwa daga arewa. Don haka matafiyi ya ci gaba.

Rumbun ruwa na Tak

Hanya tana bin kogin Ping har jihar Tak, fiye da kilomita 400 daga Bankok. A nan fadama ta ƙare, duwatsu sun fara. Tsakanin duwatsu 2 aka gina bangon siminti. Tsayinsa mita 154, wato ya fi gaba 80. An buɗe shi a 1964. An sa masa sunan Sarki Bumibol, wanda ya yi sarauta daga 1946 zuwa 2016. Gabas da shi, a kan kogin Nan, akwai wani babban baraji mai suna Sirikit. Shi da ƙasa aka gina shi.

Aikinsu kamar na rumbu ne. Da damina a tara, da rani a ɗiba. Ruwan da aka saki yana juya injin da ke ba da lantarki, sannan ya gangara Cainat, ya shiga gonaki.

Sai dai rumbu ba ya haihuwar hatsi. Abin da aka zuba shi ake ɗiba. A 2015 da 2016 an yi fari, ruwan barajin ya ja baya ƙwarai. Gwamnati ta ce ma manoma kada su shuka shinkafar rani. A 2011 kuwa ruwa ne ya yi yawa. Tafkunan suka cika, ambaliya ta ci gonaki har ta shiga Bankok. Mutane fiye da 800 suka rasu.

Tun kafin a san siminti, manoman arewacin ƙasar suna da tasu dabara. Suna tare rafi da itace da duwatsu, su haƙa magudana zuwa gona. Su ke zaɓen shugaban ruwa. Kowace shekara ana fita gayya a gyara. Mai babbar gona ya kawo hannu da yawa, mai ƙarama ya kawo kaɗan. Wanda ya ƙi fita a ci shi tara.

Gandun daji na Kawo Yai

Daga Tak sai a juyo kudu, a karkata gabas zuwa jihar Lopburi. A ƙarshen shekara gonakin can sukan yi rawaya da furen da ake matse mai daga ƙwayarsa. Akwai barajin Pasak, na 1999. Bangon ƙasa ne mai tsawon kusan kilomita 5. Jirgin ƙasa yana ratsa tafkin a kan gada.

Gaba kaɗan hanya ta hau dutse, iska ta yi sanyi. An iso Kawo Yai ke nan, gandun daji na farko a ƙasar. An keɓe shi a 1962. Faɗinsa ya fi hekta dubu 200. A ciki ba a farauta, ba a sarar itace, ba a kiwo. Akwai giwaye, da bareyi, da wani biri mai dogon hannu marar wutsiya wanda ke kuka da asuba. Akwai manyan tsuntsaye dangin cilakowa. Giwaye suna fitowa lasar ƙasa mai gishiri, kamar yadda shanu ke lasar kanwa. In giwa ta tsaya a kan kwalta, mota ce ke jira.

Me ya sa aka hana mutane wannan daji? Ba don giwa kaɗai ba. Rafuka da yawa daga nan suke tasowa. Ɗaya daga cikinsu, Lam Takong, shi ke cika barajin da birnin Korat ke sha. Ganye yana rage ƙarfin ruwan sama. Saiwa tana riƙe ƙasa. Ruwa ya nutse, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har cikin rani. In an sare daji, ruwa ya zubo gaba ɗaya, ya kwashe ƙasa, ya zuba laka cikin baraji.

Mutanen Tailan sun koyi wannan da wahala. A 1961 daji ya rufe fiye da rabin ƙasarsu. Aka yi ta sara don katako da sababbin gonaki. A Nuwamban 1988 aka yi ruwa mai yawa a kudu. Duwatsun da aka aske suka zabtaro. Laka da gumagumai suka rufe ƙauyuka, ɗaruruwan mutane suka mutu. A Janairun 1989 gwamnati ta hana kamfanoni sarar katako a dazuzzukan ƙasa. Yau daji bai wuce kashi 1 cikin 3 na ƙasar ba.

Gandun daji ma yana da tasa matsala. Giwa ba ta san iyaka ba. Da dare takan fita ta shiga rake ko masara, ta ɓata wahalar shekara. Manoma suna kwana gadi da fitila. A wasu wurare suna jera amya a gefen gona, don giwa tana gudun zuma. Ga kariya, ga zumar sayarwa.

Masuntan kogin Mun

Daga Kawo Yai hanya ta shiga arewa maso gabas, yankin da ake kira Isan. Ƙasar jigawa ce, wani wuri har da gishiri. Yawancin gonaki ruwan sama suke jira. Ana noma rogo, da rake, da wata shinkafa mai danƙo da ake dunƙulawa da hannu. Ana kiwon shanu da ɓaunar gida. In an gama girbi, samari su tafi cin rani Bankok.

Ƙarshen tafiyar shi ne jihar Ubon, kan iyaka da ƙasar Lawos. Nan kogin Mun yake faɗawa cikin babban kogin Mekong. Da farkon damina kifi yakan hauro daga Mekong, ya yi ƙwai cikin duwatsun Mun. Dubban gidaje da kifin nan suke ci da sha.

A 1994 aka gama barajin Pak Mun, don lantarki. An fasa duwatsun kogi da nakiya. Bango ya tare ma kifi hanya. An gina masa matakala don ya hau, amma ba ta yi amfanin kirki ba. Kamun kifi ya faɗi ƙwarai. Masu gidaje da gonaki an biya su diyya, amma tun farko ba a lissafa da asarar masunta ba.

Masunta ba su yi shiru ba. Sun haɗa kai da wasu talakawa, suka kafa ƙungiya a 1995. Suka tafi Bankok, suka zauna ƙofar gidan gwamnati wata da watanni. A 2001 aka buɗe ƙofofin barajin don gwaji, kifi ya fara dawowa. A 2003 aka yanke cewa a riƙa buɗe su wata 4 a shekara. Bayan haka ma an daɗe ana ja-in-ja kan ranar buɗewa.

Kusa da nan akwai barajin Sirindon, na 1971. A 2021 aka shimfiɗa faifan hasken rana a kan tafkinsa. Da rana faifan ya ba da wuta, da dare ruwa ya karɓa. An ƙara lantarki ba tare da an tashi wani ƙauye ba.

Tafki a cikin gona

Magudanar baraji ba ta isa kowace gona. Don haka a 1994 Sarki Bumibol ya bayyana wata shawara ga ƙaramin manomi. Ya yi misali da gona mai kusan hekta 2 da rabi. A raba ta kashi 10. Kashi 3 a haƙa tafki, a tara ruwan damina, a zuba kifi. Kashi 3 shinkafar gida. Kashi 3 itatuwa da kayan lambu. Kashi 1 gida da garke. A fara cika ciki, in an samu rara a kai kasuwa. Ya kuma sa a riƙa dasa wata ciyawa dangin jema a gefen tudu da bakin tafki. Saiwarta tana nutsewa ƙasa, ta hana zaizaya.

Tafiya mabuɗin ilmi. Abin da hanyar nan ta nuna a fili yake. Baraji yana ajiye ruwa, amma daji ke kawo shi da tsabta. Kafin a tare kogi, a tambayi masunci da makiyayi da mai gonar bakin ruwa. Kuma ruwan da manomi ya tara da hannunsa, shi ya fi kusa da shi ranar da rani ya tsananta. Allah ya ba da damina mai albarka.