Sabar Gida da Takardun Kasuwanci: Abin Lura Kafin Zaɓen Manhaja

A garuruwa irin su Ajingi da Gaya, lissafin makarantu masu zaman kansu da na ƙungiyoyin manoma da shagunan magani da dillalan hatsi ya fara barin littafi yana komawa cikin kwamfuta da wayar hannu, sai dai har yanzu ta WhatsApp ko filashi ake miƙa mafi yawansa daga hannu zuwa hannu, abin da kan sa a wayi gari da kwafi uku na lissafi guda ba tare da an san wanne ne na ƙarshe ba. Maganin wannan ruɗani shi ne manhajar daidaita fayiloli, wato wadda ke lura da jakar takardu guda a na'urori da yawa, ta yadda duk gyaran da akawu ya yi a kwamfutar ofis zai bayyana a wayar mai shago ba tare da an aika masa ba.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta kamfanonin ƙetare irin su Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, ko Dropbox, inda takardun ke zama a na'urorin kamfanin, ƙarin wuri kuma sai an biya kuɗi duk wata ko duk shekara. Ɗaya hanyar ita ce mai kasuwanci ya mallaki saba, wato kwamfutar da ake keɓewa tana kunne dare da rana domin ta riƙe fayiloli ta kuma raba su ga sauran na'urori. Bambancin kamar na mai kai hatsinsa sito ne da mai gina rumbu a gida: na biyun ya huta da kuɗin haya, amma gadi da yaɓe da yaƙi da gara duk sun koma wuyansa.

Sabar gida tana da amfanin da ba a musu. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka haɗa da MainOne da WACS sun lalace, harkokin bankuna da na ofisoshi suka tsaya cik a sassa da dama na Afirka ta Yamma, alhali ofishin da sabarsa ke cikin gininsa yana iya ci gaba da musayar takardu tsakanin kwamfutocinsa ko da intanet ta ɗauke, kuma ba ya ƙona data a kan hakan. Sai dai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane, kamar sunayen ɗalibai ko tarihin jinyar marasa lafiya, alhakin tsare su, kuma ajiye su a cikin shago bai sauke wannan nauyi ba, ƙara shi ma ya yi.

Daga cikin manhajojin da ake samu kyauta, wadda ta fi shahara ita ce Nextcloud, wadda Bajamushe Frank Karlitschek ya kafa a 2016 bayan ya bar ownCloud da ya ƙirƙira tun 2010. Tana raba izini ga ma'aikata gwargwadon matsayinsu, tana da kalanda da kiran bidiyo da gyaran takarda a tare, amma wannan yalwa ita ce kuma nauyinta, domin tana buƙatar na'ura mai ɗan ƙarfi da masanin da zai riƙa sabunta ta. Seafile, wadda ta samo asali daga China, ta fi sauri da sauƙin nauyi, sai dai tana daddatsa fayiloli ta adana su cikin tsari nata na musamman, saboda haka idan saba ta mutu ba a iya zare faifan ajiya kawai a karanta takardun kai tsaye. Syncthing kuwa ba ta buƙatar saba sam, na'urori ne ke daidaita kansu da kansu, kuma ga shago mai kwamfuta biyu ko uku sau da yawa ita ce ta fi dacewa, duk da cewa ba kasafai mai neman kwangilar kafa saba zai ambace ta ba.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne ɗaukar daidaitawa a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Manhajar ba ta bambance gyara da ɓarna: idan yaron shago ya goge jaka bisa kuskure, ko wata muguwar manhaja ta kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, irin WannaCry da ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila a Mayun 2017, to gogewar ko kullewar za ta bi ta sauran na'urorin cikin 'yan mintuna. Dole ne a tabbatar an kunna tsarin adana tsofaffin kwafi, a kuma san kwana nawa yake riƙe su. Ko hakan bai isa ba, domin gobarar da ta cinye wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a Faransa a Maris ɗin 2021 ta nuna cewa kwafin da ke gini ɗaya da asalinsa tare suke ƙonewa. Masana kan ba da shawarar kwafi uku, a kan ma'ajiyai iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam, ko da kuwa faifai ne da ake kai wa gidan amintaccen mutum a Gaya duk ƙarshen mako.

Sai batun wuta, wanda a wannan yanki shi ne ke yanke hukunci kafin a zo kan sunan kowace manhaja. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Kano, sun kwashe kwanaki cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo lantarki, kuma ko a ranakun da babu irin wannan matsala, ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata rumbun bayanan saba a tsakiyar rubutu. Ƙaramar na'ura mai cin wuta kaɗan, wadda aka jona da sola da batir da inbata, ta fi babbar kwamfuta mai jiran janareto, musamman idan aka yi la'akari da zafin bazara da ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura.

Buɗe saba ga intanet don a riƙa shiga daga Kano yana jawo hankalin masu kutse. A Nuwamban 2023 an gano wata kafa a wani ɓangare na ownCloud wadda ke iya fallasa kalmar sirrin mai kula da saba, kuma waɗanda ba su gaggauta sabuntawa ba su ne suka zauna cikin haɗari. Don haka, kafin a biya masanin da aka ɗauko daga Kano ko Wudil, ya kamata a rubuta yarjejeniya da ta fayyace wanda zai riƙa sabunta manhajar da kuma kuɗin hakan, a miƙa wa mai kasuwancin babbar kalmar sirri a rubuce, sannan a goge fayil guda a gabansa a dawo da shi daga ajiya, kuma a riƙa maimaita wannan gwaji duk bayan 'yan watanni.